Neman kalmar Hausa: me za mu kira kan jirgin da ke jan gumagumai a duwatsu?

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina fassara wani bayani kan tsofaffin jiragen ƙasan masu saran katako a Amurka, kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: abin da Turawa ke kira geared steam locomotive.

Rabin aikin kakanninmu sun gama mana shi. Tun da layin dogo ya iso Kano a 1911, injin da ke gaba yana jan taragai sunansa kan jirgi. Ban ga dalilin aro "lokomotif" ba alhali muna da tamu mai kyau haka. Jam'i kuwa, kawunan jirgi.

Sai batun wuta. Wani dattijo a nan ya ce su "jirgi mai kwal" suke cewa, domin da kwal ɗin Inugu aka riƙa hura na ƙasarmu. Baba, gaskiyarka ne. Amma waɗannan na daji wasu itace suke ci, wasu kwal, wasu mai. Abin da ya haɗa su shi ne ruwan da ke tafasa a tukunya, tururinsa ya tura fistin. Don haka "kan jirgi mai tururi". Kada mu ce mai hayaƙi, hayaƙi ba ya tura komai, fita kawai yake yi ta bututu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Bari in nuna muku injin kafin mu raɗa masa suna.

Ephraim Shay mai sana'ar katako ne a jihar Michigan. Layin dogon masu katako na wucin gadi ne: a shimfiɗa shi a gaggauce, ga kwana mai tsanani, ga hawa, in an gama sare dajin a kwashe ƙarafan a yi gaba. Kan jirgi na yau da kullum, mai dogayen sanduna a gefen manyan ƙafafu, sai ya yi ta dukan irin wannan layin yana lalata shi. Shi ya sa Shay ya ƙirƙiro nasa injin, ya sami takardar mallakar fasaharsa a 1881, kamfanin Lima da ke Ohio ya ƙera irinsa kusan 2,770, na ƙarshe a 1945.

In ka tsaya a daman injin Shay za ka ga silinda biyu ko uku a tsaye, suna juya wata doguwar sandar ƙarfe da ta bi gefen injin daga gaba har baya. A kowace ƙafa ta wannan gefen akwai haƙora da suka ciji haƙoran sandar, saboda haka duk ƙafafun suna ja. Tukunyar ma an ɗan gusar da ita hagu don nauyi ya daidaita. Da kunne za ka rantse gudu yake tsalawa, sai ka duba ka ga mai keke zai iya wuce shi. An sayar da gudu an sayi ƙarfi. Har yau na ƙarshen nan na 1945 yana garin Cass a West Virginia, inda ake hawa dutse da masu yawon buɗe ido. Taiwan ma irinsu suka yi jigilar gumagumai a layin Alishan da aka buɗe a 1912.

Shawara uku aka ba ni.

Ta farko "mai giya". Ita ce a bakin kowane bakanike, a magana kuma ba ta da aibu, lafazi yana rarrabewa. A rubuce ne matsalar take, tunda rubutunmu ba ya nuna bambancin lafazin, mai karatu zai iya ɗauka barasa ake nufi.

Ta biyu "mai farfela", daga wani ɗan'uwa mai gyaran manyan motoci. Malam, ka gano injin sarai, sandar nan aikin farfelar mota take yi. Sai dai da an haɗa "jirgi" da "farfela" hankalin Bahaushe sama yake tafiya.

Ta uku "mai haƙora", ita ta fi kwanta mini, har na rubuta ta na sake gogewa. Akwai wani jirgin dabam wanda haƙoransa ke cizon ƙarfe mai haƙora da aka shimfiɗa a tsakiyar layi, kamar na Dutsen Washington a Amurka da aka kammala layinsa a 1869. Namu layinsa sumul yake, haƙoran a jikin injin suke. In muka ba su suna ɗaya, gobe mai fassara zai rasa ta cewa.

Abin da na tsayar shi ne "kan jirgin tururi mai haƙoran giya". Haƙora sun kore barasa, giya ta nuna a injin suke. Yana da ɗan tsawo, na yarda, amma a ambato na farko kaɗai ake buƙatarsa, daga nan sai a ce "mai haƙoran giya". Sunan ya kuma rufe Climax da Heisler, wasu ire-iren wannan injin waɗanda sandarsu ta bi ta ƙarƙashin tsakiya. Wancan na Dutsen Washington a bar masa "jirgin layi mai haƙora".

Saura kalmar layin kansa. Na rubuta "layin dogon jigilar gumagumai", domin gungume ake ɗaukowa daga daji, sai a injin yanka yake zama katako. Tsofaffin ma'aikatan reluwe na Zariya da Kafanchan, in akwai gajeriyar kalma da kuka gada a bakin aiki, don Allah ku kawo ta kafin in miƙa fassarar ranar Litinin.