Asmar Hajiyarmu ta ƙi lafawa, dan Allah a bamu shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyata ce, shekarunta 68, asma ta sa ta gaba tun bara, da hunturun nan ya shigo kuma abin ya ƙara tsanani, cikin dare ƙirjinta sai fito yake, tari ya hana ta bacci sai dai ta zauna ta jingina da bango har asuba. Asibiti sun bata inhela biyu, shuɗiya da ruwan ƙasa, an kusa wata biyu amma sauƙin kaɗan ne har ta fara cewa a ƙyale ta tsufa ne. Tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Wlh hankalina a tashe yake, wanda ya san abin nan ya taimaka.

Maman biyu: Allah ya ba Hajiya lafiya. Tambayata ɗaya, ruwan ƙasar nan tana shaƙa kullum kuwa? Baban mu ma ajiye ta yayi wai bata aiki, shuɗiyar kawai yake so tunda ita take buɗe ƙirji nan take, alhali ruwan ƙasar ce mai kwantar da kumburin hanyar numfashi kuma sai an jera makonni safe da yamma ko da lafiya lau ake ji. Ta riƙa kuskure baki bayan ta shaƙa.

Nas daga Zariya: Gaskiya ne, sannan ki zauna ki kalli yadda take shaƙa, tsofaffi da yawa danna inhela da jan numfashi lokaci guda yana basu wuya sai maganin ya tsaya a baki. Ki nemi sifesa a famasi, bututu ne da ake sa inhelar a ciki. Abu na biyu, ki tattara duk magungunanta cikin leda ki kai wa likita har da na ɗigawa a ido. Propranolol da atenolol na hawan jini da timolol na ido suna iya matse numfashi, aspirin, ibuprofen da diclofenac ma suna tayar wa wasu masu asma. Amma kar ku tsayar da na hawan jini da kanku. A shekarunta kuma ba kowace fuka ce asma ba, matan da suka daɗe suna girki da icce hayaƙi kan lalata musu huhu, ciwon zuciya da tarin tibi ma suna kawo haki da tari, ki roƙa a yi mata hoton ƙirji da gwajin hura iska, in babu a nan a tura ku asibitin koyarwa kamar na Shika ko na Malam Aminu Kano.

Wani ɗan uwa: A gwada zuma da habbatussauda da ruwan ɗumi, in sha Allahu.

Maman biyu: Zuma ba laifi in bata da suga, amma kar a ajiye inhela saboda ita. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa da fiya-fiya duk a fitar daga ɗakinta, a yayyafa ruwa kafin shara, in akwai hazo ta sa takunkumi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Diclofenac kam tana sha saboda gwiwar, turare kuwa kullum bayan magariba. Wani ya ce mu siyo mata prednisolone, maganin kwantar da kumburi, a kemis, ya kuke gani?

Nas daga Zariya: A'a 'yar uwa, sai in likita ya rubuta na 'yan kwanaki, daɗewa ana sha yana hau da suga da jini ya raunana ƙashi. In kika ga ta kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓenta ya canza launi, ko shuɗiyar ta daina yi mata, ku wuce imajansi ko tsakar dare ne, kar a jira ranar kilinik.