Ta yaya zan koya wa yaro ɗan shekara 4 siffofi da rarrabe abubuwa?

Maman Yara, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ɗana yana ajin naziri, kuma an ba shi aikin gida a kan da'ira, murabba'i da alwatika. Ya haddace sunayen sarai, amma da na juya masa hoton murabba'i ya tsaya a kan kusurwa ɗaya, sai ya ce wannan wani abu ne daban. Haka kuma yana rikita dama da hagu. Shin akwai matsala ne, ko akwai hanyar da zan bi in taimaka masa a gida?

Malama, Samaru:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin yara a wannan shekaru da kamanni suke gane siffa, ba da ƙirga gefe da kusurwa ba. Tun da littafi kullum a zaune yake nuna masa murabba'i, idan an karkata shi dole ya ga baƙon abu. Maganin shi ne siffar ta fita daga takarda ta shiga hannunsa. Ki yanko murabba'i daga kwali, ki ba shi ya juya da kansa, yana bin gefe da yatsa yana ƙirgawa har huɗu, sannan ki tambaye shi ko wani gefen ya ɓace da aka juya. Faifai da murfin tukunya da'ira ne, samosa alwatika ce, duwatsun murhu uku ma idan ya ja layi a ƙasa ya haɗa su alwatika za su ba shi. A kan irin wannan koyo da hannu Maria Montessori, wata masaniyar ilimin yara 'yar ƙasar Italiya, ta gina makarantarta da ta buɗe a Rum a 1907, kuma ba sai an sayi kayan wasa masu tsada ba.

Wajen rarrabewa kuwa, ki zuba masa murafan kwalba da maɓallai a tire, ki ce ya haɗa waɗanda suka dace, ba tare da kin gaya masa ƙa'ida ba. Idan ya ware da launi, ki tambaye shi dalili, sannan ki ce ya sake warewa ta wata hanya, misali da girma. Gane cewa abu ɗaya yana iya shiga rukuni biyu shi ne ainihin lissafin da ke ciki. Amma a kula da ƙanensa masu kai komai baki.

Tsohon Hedimasta, Kwarbai:
Na yarda da Malama, sai dai ina ganin batun dama da hagu bai kamata a matsa masa ba tukuna, saboda yara da yawa sai sun kai shekara 5 ko 6 yake zauna musu. Ki fara da sama da ƙasa, ciki da waje, gaba da baya, kuma a cikin aike: ya ajiye buta a bayan ƙofa, ya tura takalmi ƙarƙashin gado, ya tsaya tsakanin yayyensa. Daga baya sai ki haɗa dama da hannun cin abinci. Idan kun shigo cikin birni, ki tsaya da shi a ƙofar fada ya nemo da'ira da alwatika a zanen bango.

Maman Yara, Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Malama da Baba, Allah ya saka da alheri. Sai dai yaron bahago ne, saboda haka ina tunanin ɗaura masa zare a hannun dama maimakon dogara da hannun cin abinci. Ko hakan zai yi?