Yaya coci zai kusanci maƙwabtan da suka bar addini?

Tambaya: Ƙidayar jama'a ta 2021 a Ingila da Wales ta nuna Kiristoci sun ragu zuwa kashi 46.2 cikin ɗari, daga kashi 59.3 a 2011. 'Yan'uwa, ta wace hanya coci zai ƙulla zumunci da maƙwabtan da ba sa taka ƙafa cikinsa ran Lahadi?

Amsa ta farko: Ɗan'uwa, a ganina sai a buɗe ginin duk tsawon mako. Coci-coci da yawa a Birtaniya suna raba abinci ga mabuƙata, kuma a hunturun 2022, lokacin da kuɗin gas da lantarki ya yi tashin gwauron zabi, wasu sun buɗe ɗakunansu domin mutane su zo su ji ɗumi.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma kada taimakon ya zama tarko, domin da zarar mutum ya lura sai ya saurari wa'azi kafin a ba shi abinci, da wuya ya sake dawowa.

Amsa ta uku: Ni kuwa na fi so shugabannin ikilisiya su fara tambayar mazauna unguwar abin da ke damunsu.