Wai duk wanda ya kwaso kariyoba shi ya so?

Abban Khairat: Ni fa maganata ɗaya ce, duk ɗalibin jami'a da ya kwaso kariyoba, wato ya faɗi kwas sai ya maimaita shi, wasa ya yi. Maki 40 ake nema ka tsallake, ga tes da asaimen sun riga sun ba ka wani abu tun kafin jarabawa. In ka kasa haɗa 40 kar ka ɗora wa kowa.

Ummi: Haba Yaya, wallahi maganar nan ta yi min ciwo. Ina aji biyu ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta tafi yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas muna gida har na fara saida awara na manta inda littattafaina suke, muna dawowa aka matse zangon, wani malamin sau uku ya shigo mana ya miƙo handawut mai kauri ya ce shi ke nan a shirya. Akwai ranar da muka yi tes uku, na ƙarshen bayan magariba da fitilar waya. Kwas ɗaya na faɗi a rayuwata, a zangon nan ne, kuma Allah ya sani ban yi wasa ba.

Abban Khairat: Mu ma an yi yajin aiki a lokacinmu ƙanwata, da fitilar ƙwai muka kwana a aji muka fita lafiya. Ku ga waya ga intanet.

Sadik: Yallaɓai wayar data take ci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 adaidaita biyu nake hawa kafin na isa makaranta, ranar da babu kuɗin mota babu lakca, kuma sai ka cika kashi 75 na halarta kafin a bar ka ka zauna jarabawa. In ma ka je lakcar ƙarfe takwas ɗakin ya cika tun bakwai, a bakin taga za ka tsaya, ba lasifika, bakin malam kawai kake gani yana motsi.

Abban Khairat: To ba ga NELFUND ba, asusun gwamnati mai ba ɗalibai kuɗi? Dubu 20 duk wata fa.

Sadik: Bashi ne ai, kuma ka lissafa kuɗin mota da fotokwafi da abinci ka ga ko za ta kai sati biyu.

Anti Hauwa: Bari na sa baki tunda koyarwa nake. Akwai masu wasa kam, na sha buɗe takarda na ga lamba da suna kawai, sai roƙo a ƙasa wai a taimaka. Amma Abban Khairat ka yi kuɗin goro. Akwai yarinyar da ta yi ta gyangyaɗi a ajina, na kira ta ofis zan yi mata faɗa, ashe a asibiti take kwana tana jinyar mahaifiyarta, daga can take wucewa lakca ko karyawa ba ta yi. Maki 36 ta samu. Har yau abin yana raina.

Abban Khairat: Irin wannan daban ne Anti, na yarda. Amma su nawa ne?

Ummi: Sun fi yadda kake zato Yaya, ba sa faɗa ne. Ni kaina sai da na yi wata biyu kafin na iya gaya wa Baba, kullum in ya ce ya sakamako sai na ce ba a kafe ba tukuna.