Matar mutum kabarinsa: wa ya dace a faɗa wa, kuma yaushe?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. A unguwarmu wani saurayi ya daɗe yana neman wata yarinya, har magabatansa sun kai kuɗin gaisuwa, sai magana ta lalace aka ɗaura da wani. Ranar ɗaurin auren, ana rabon goro da alawa, dattawa suka riƙa dafa kafaɗarsa suna cewa "matar mutum kabarinsa". Shin wannan karin magana tana da tushe a addini, ko kuwa lallashi ce kawai?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Tushenta imani da ƙaddara ne. Aya ta 34 ta Suratu Luƙman ta ce babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta, don haka yadda mutum ba ya zaɓar inda za a haƙa masa kabari, haka wani lokaci zai yi ta kai gwauro yana kai mari a wani gida, alhali rabonsa yana wani garin. Aya ta 21 ta Suratur Rum kuma ta lissafa aure cikin ayoyin Allah, domin Shi ne ya sanya natsuwa da soyayya da jinƙai tsakanin miji da mata. Dattawan nan sun ajiye magana a muhallinta.

Uwargida:
Allah gafarta Malam, a bakin waɗancan dattawa ta yi daidai, amma ba a nan kaɗai ake jin ta ba. Ana faɗa wa yarinyar da za a yi wa auren dole, ana kuma faɗa wa matar da ta yi yaji ta zo gida fuska a kumbure, da nufin cewa wanda ya shiga kabari ba ya fita. Wannan fassarar ban yarda da ita ba. Buhari ya ruwaito cewa mahaifin Hansa'u 'yar Hizam ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, Manzon Allah (SAW) ya warware auren. Matar Sabit ɗan Ƙais ma ta mayar da lambun da aka ba ta sadaki aka raba su, ba a ce mata ta zauna don ƙaddara ba.

Malamin Zaure:
Gaskiyarki, Hajiya. Ƙaddara ba a saninta sai bayan ta auku, saboda haka ba ta zama hujjar waliyyi tun kafin a shafa fatiha. Lokacin da annoba ta ɓarke a Sham, Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa, ya ce wa Abu Ubaida suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Da babu zaɓi a aure, da ba a koyar da istihara ba, da kuma ba a ce a fifita ma'abuciyar addini a kan mai dukiya, mai nasaba da mai kyau ba.

Baba Dattijo:
'Ya'yana, kada ku raba maganar da sauran amfaninta. Ni nakan faɗe ta ga magidancin da ya zo da takardar saki a aljihu saboda saɓanin da bai taka kara ya karya ba. Nakan tuna masa cewa Suratun Nisa'i ta kira igiyar aure alkawari mai kauri a aya ta 21, aya ta 19 kuma ta ce mutum zai iya ƙin abu alhali Allah ya sanya alheri mai yawa a cikinsa.

Uwargida:
Na yarda, Baba, domin shi da saki yake hannunsa, jan kunne kuka yi masa. Roƙona shi ne idan matar ce ta kawo ƙara gabanku, a fara kiran mijin a ji ta bakinsa kafin a ɗauko mata wannan karin magana.