Neman shawara kan shayin rooibos mai ɓawon lemu da ganyen turare

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan shayin da nake dafa wa mahaifiyata. Tana da hawan jini, kuma likita ya ce ta rage baƙin shayi saboda kafeyin ɗinsa yana hana ta barci, alhali ba ta iya kwanciya sai ta sha abu mai ɗumi. Yayata ce ta saba kula da ita, amma aiki ya sha mata kai, ƙanena kuma ba ya gari, saboda haka ɗawainiyar ta dawo kaina, kuma duk abin da ya same ta ni za a tambaya. Na samo wani haɗi da aka rubuta a kwalinsa cewa akwai rooibos (wani jan shayin ganye), ɓawon lemun zaƙi, ɓawon lemun tsami, ganyen bishiyar turare (eucalyptus) da likoris, wata saiwa mai zaƙi. Tarin dare ya lafa, barci ya daidaita, sai dai yanzu tana kukan ƙwannafi, kuma ƙafafunta sun ɗan kumbura har takalmi yana barin shaida. Shin shayin ne ya jawo? An kuma ce in riƙa ɗiga man bishiyar turare a kofin domin ya ƙara ƙarfi.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ki kuskura ki ɗiga man nan, domin man turare na shaƙa ne da shafawa bayan an sirka shi, kuma ko ɗan kaɗan aka haɗiye yana iya jawo amai, jiri, har da farfaɗiya. Rooibos kuwa ki cire shi daga zargi. Tsiro ne da ake nomawa a yankin tsaunukan Sidabag na Afirka ta Kudu, ba shi da kafeyin ko kaɗan, taninsa bai kai na baƙin shayi ba, shi ya sa ba ya ɗaci ko ya daɗe a ruwan zafi. Jan launinsa ma ba rini ba ne, yana fitowa ne idan an yayyanka ganyen, aka murje shi, aka bar shi ya sha iska kafin a shanya. A 2021 Tarayyar Turai ta ba sunan kariya, ta yadda wanda aka noma a can kaɗai ke amsa shi. Matsalar Hajiya ganyen turare ne, ba ni da shakka, domin sinadarinsa mai suna siniyol yana iya tayar da ciki idan ya yi yawa.

Wata 'yar'uwa: Baba, da girmamawa, ina ganin an tsallake abin da ya fi muhimmanci. Saiwar likoris tana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, tana rage sinadarin fotasiyam, tana kuma ɗaga hawan jini, kuma kumburin ƙafa yana cikin alamunta. 'Yar'uwa, ba ki faɗi kofi nawa take sha a rana ba, ba ki faɗi maganin da take sha ba, ba ki kuma ce an auna jininta tun da ta fara ba. Ki dakatar da shayin, ki tafi da kwalin wurin likitanta.

Wani ɗan'uwa: Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin masu haɗawar. Na taɓa sayen wanda aka zana lemu rututu a kwalinsa, da na farke jakar na zazzage a faranti sai na ga ɓawo ƙwaya biyu ko uku, sauran duk ƙamshin da aka fesa ne. Na rubuta musu ƙorafi, har yau shiru kake ji.

Mai tambaya: Na gode, amma ba da ka na saya ba, na karanta kwalin tsaf. Likoris ita ce ta ƙarshe a jerin, kuma a irin wannan jeri ana fara rubuta abin da ya fi yawa ne. Ita ce kuma ke ba shi ɗan zaƙin da ya sa Hajiya ta daina neman sukari. Idan na dakatar za ta koma baƙin shayi, mu koma kwanan zaune.

Wani dattijo: To kin ji, 'yata, maganata ta tabbata. Ki sayi rooibos zalla, ki kankare ɓawon lemu da kanki ba tare da farin cikinsa ba domin shi ne mai ɗaci, ki bar turaren ga sirace.

Wata 'yar'uwa: Ƙarancinta a kwali ba ya nufin ƙarancinta a jiki idan ana sha kullum, balle ga dattijuwa mai hawan jini. Kumburin ma yana iya fitowa daga maganinta ko daga zuciya ko ƙoda, kuma awo ne kaɗai zai rarrabe.

Mai tambaya: Ranar ganin likitanta da saura, kuma ba na son in ɗaga mata hankali a kan kofin shayi. Zan rage mata zuwa rabi tukuna. Akwai wanda ya san ko koren rooibos ya fi jan sauƙi ga mai ƙwannafi?