Ƙashin dainoso ne ko dutse? Abin da muka taras a akwatin Baba

Abdul-Mumin, Aboabo

Assalamu alaikum. Bayan sadakar arba'in ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe tsohon akwatinsa na ƙarfe. Ƙarƙashin takardun mota muka taras da wani abu naɗe cikin tsumman rawani. Tsawonsa ya ɗan fi tafin hannu, launinsa ƙasa-ƙasa mai duhu, gefe ɗaya a mulmule kamar kan gaɓa, ɗayan kuma a karye. In ka ɗaga shi sai ka ji ya fi yadda ido ya ba ka nauyi.

Baba ya daɗe yana jan motar goro daga nan Kumasi zuwa Nijar, har Agadas yakan kai. Mma ta ce ta taɓa jin yana kiran abin ƙashin dodo. Ƙanena ya dage ƙashin dainoso ne, irin dabbobin nan na zamanin da can da suka ƙare, wani maƙwabci kuma ya ce dutse ne, mu jefar. Ni ba kuɗi nake nema ba. So nake in san abin da Baba ya ɓoye tsawon shekarun nan. Duk wanda ya taɓa riƙe irinsa, don Allah ya faɗa mana yadda ya gane.

Baba Ɗanjuma mahauci, Asawase

Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Alhaji. Ɗana, ni ban taɓa ganin dainoso ba, amma ƙashi tun ina yaro nake fasa shi. Ka bar kallon siffa, ka dubi wurin da ya karye. Kowane ƙashi yana da ɓawo mai tauri a waje, ciki kuma soso ne, ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, musamman kusa da gaɓa. A bayansa kuma za ka ga zare-zare siriri sun bi tsawonsa, duk fuska ɗaya. Galibin dutse ba ya da ɓawo da ciki, yadda bayansa yake haka cikinsa.

An taɓa kawo mini wani da aka tono wajen haƙa rijiya a Tafo, ya yi ja, ana ta kai-kawo a kansa. Na gasa allura na ɗora, sai ƙauri ya tashi kamar ana babbaka ƙafar sa. Na ce musu wannan saniya ce, jar ƙasa ta rina ta. Wanda ya riga ya zama dutse ba ya ƙauri.

Sule direban tifa, Sabon Zango

Baba Ɗanjuma ya faɗi gaskiya, siffa ita ke yaudarar mutum. Shekara goma sha biyu ina ɗibar marmara da tsakuwa, kuma a ramin marmara babu surar da ban gani ba: mai kama da gwiwa, mai kama da ƙwai, mai kama da ƙoƙon kai har da ramukan ido. Akwai ɗaya da na ajiye wata shida a gaban mota saboda kamarsa da kan ƙashin cinya. Ran da ya faɗi ya fashe, cikinsa tsatsa ce da yashi. Ramukan marmara manya ne, a hargitse, wani nan wani can. Kama da wane ba wane ba ne.

Zainab, ɗalibar ilmin duwatsu a jami'ar KNUST ta Kumasi

Yaya Mumin, Allah ya ba ku haƙuri. Abin da aka fara koya mana shi ne, kafin ka taɓa dutse ka tambaya daga ina aka tsinto shi. Da cewa ka yi a gona a Ejisu ko a ramin galamsey, wato na masu haƙar zinariya ba izini, aka same shi, da na ce maka ba dainoso ba ne ko ban gani ba. Duwatsun da Kumasi ke zaune a kai, waɗanda ake kira Birimiya da giranit ɗin da ya ratsa su, sun haura shekara biliyan 2. Dainoso kuwa sun bayyana wajen shekara miliyan 230 da suka wuce, suka ƙare shekara miliyan 66 baya. Dutsen ya riga dabbar da nisa, ta yaya za ta shiga cikinsa? Ko a bakin tekun Accra, inda ake samun burbushin ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, duwatsun sun haura shekara miliyan 350, su ma sun girmi dainoso.

Amma da ka ambaci Agadas sai na gyara zama, don can duwatsun yashi da laka na zamanin dainoso suke a fili.

Nauyin da ka ji yana da dalili. In yashi ko laka ya binne ƙashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ratsa ƙofofinsa yana barin ma'adinai, sannu a hankali har su cika. Shi ke ƙara masa nauyi, shi ke sauya masa launi, amma tsarin sosan da Baba Ɗanjuma ya faɗa yana nan, ana ganinsa da madubin ƙara girma. Ranar da na fara riƙe irinsa, malaminmu ya ce mu ɗora harshe. Ya ɗan kama, saboda ƙofofin suna tsotse danshi. Kai ka jiƙa yatsa kawai ka danna. Kada ka kankare shi, kada ka zuba masa ruwan batir, kada kuma ka fasa don ka ga ciki, karayar da ke jikinsa ta isa.

Hajiya Rabi, Alabar

'Yata Zainab, wannan gwajin harshen a yi hattara da shi. Farar ƙasar da mata ke saya a kasuwa, ayilo, ai ita ma kama harshe take kamar me, kuma ba ƙashi ba ce. Fasasshen tukunya ma haka.

Zainab

Gaskiya ne, Hajiya. Kuma akwai ƙashin da ma'adinai suka toshe ƙofofinsa kaf, ba ya kamawa sam. Shi ya sa ba a yanke hukunci da alama ɗaya.

Alhaji Musa ɗan Agadas, Mossi Zango

Abdul-Mumin, labarinka ya mai da ni gida. Ina saurayi na yi rakiyar raƙuma wajen Ingal, kuma da idona na ga abin da kuke magana. Ba tono ake yi ba, iska ce ke yaye yashi. Sai ka ga ƙasusuwan baya sun jeru a ƙasa, ɗaya na bin ɗaya, wani ya kusa girman ƙaramin turmi, haƙarƙari a gefe. A can ba ka buƙatar harshe, jerin da kansa yake gaya maka dabba ce ta kwanta. In ka ƙwanƙwasa guntu biyu, ƙara suke yi kamar tangaran.

Wurin da ya fi suna shi ne Gadufawa, cikin hamadar Tenere. Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a can tun shekarun 1960, daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo, shi ya raɗa wa wani dainoso suna Nigersaurus a 1999, mai haƙora wajen 500 a bakinsa. Wanda ya je Yamai ya shiga gidan tarihi na Boubou Hama, zai ga ƙasusuwan dainoso a tsaye. Gani ya kori ji.

Abu biyu zan ƙara. Ƙasar tamu ta Agadas cike take da itacen da ya zama dutse, kuma shi ya fi ruɗa baƙo, don shi ma yana da zare a tsaye da nauyi. Bambancinsa, ba ya da soso a ciki, zaren ne har tsakiya, wani lokaci da gurbin reshe. Na biyu, ko ya tabbata ƙashi ne, ba lallai na dainoso ba. A Gadufawa ɗin akwai ƙaton kada na wancan zamanin, akwai kunkuru da kifi. Yanzu kuma kayan tarihin ƙasar Nijar ne, ba a fita da su sai da izinin hukuma. Zamanin mahaifinka direbobi da yawa sun tsinta ba su san haka ba. In wani ya zo da maganar saye, kada ka saurare shi.

Abdul-Mumin

Na gode, Allah ya saka da alheri. Bayan la'asar na fito da shi tsakar gida, na aro madubin mai gyaran agogo. A wurin karayar akwai ɓawo mai kaurin kamar rabin yatsa, ciki kuma ƙofofi ne ƙanana jere, wasu a cike da wani abu fari-fari. Na jiƙa yatsa na danna, ya ɗan kama. Na gasa allura kamar yadda Baba Ɗanjuma ya ce, ba ƙauri, ko tabo bai yi ba. Da na nuna wa Mma ƙofofin sai ta yi shiru, ta ce a mayar da shi cikin tsummansa.

Tsohon yaron motar Baba yana nan da rai a Tafo, gobe in sha Allahu zan je in tambaye shi ko ya tuna a wane zango suka tsince shi, kafin Agadas ne ko bayanta. Zainab, in Litinin ta yi miki, zan kawo shi makaranta da safe malaminku ya duba. Ki gaya mini ƙofar da zan shiga.